Sitikokin da Kawu Ya Ɓare

Auta ta iso shago ranar Alhamis da hantsi, takardar shaidarta a jaka, bakinta ya ƙi rufuwa. Kwana biyu ta yi a wurin jarrabawa, kuma ta ci. Ita da ta girma tana riƙe wa kawunta dalma yana liƙa wayoyin rediyo, yau ga takarda da hatimi na cewa ta iya wanke ma'adanar kwamfuta, wato goge bayanan da aka ajiye a ciki, yadda ƙa'ida ta tanada. Aikinta na farko ma yana jiranta a cikin kwali, ƙarƙashin tebur.

Wani asibiti ne ya sauya kwamfutocinsa, ya ce zai ba makarantar da yayarta ke koyarwa tsofaffin guda goma sha biyu. Sha biyun nan kuwa ba adadin banza ba ne. Masu shirya jarrabawar ɗalibai sun ce makarantar da ba ta da kwamfuta sha biyu masu aiki ranar Litinin, ɗalibanta sai baɗi. Makarantar Yaya ba ta da ko ɗaya mai rai. Sai dai asibiti ya kafa sharaɗi: a cikin kowace kwamfuta akwai ma'adanar filash, wani ƙarfe lebur kamar littafin aljihu, kuma a ciki sirrin marasa lafiya yake. Jami'arsu za ta zo ta ga an wanke kowace da idonta. Wadda ta ƙi wankuwa, a nan take za a huda ta da inji, kuma babu wanda ke da wata da zai saka a madadinta.

Kawu ya riga ta zuwa. Yana zaune a kan kujerarsa mai ƙafa ɗaya gajera, yana shan shayi, yana murmushin mutumin da ya yi abin kirki yana jiran a gani.

"Auta, an ci?"

"An ci, Kawu! Ni ce ta uku a cikin mutum arba'in!"

"To ai jinina ne. Buɗe kwalin ki gani, na rage miki aiki."

Ta ja kwalin tana dariya, ta buɗe. Dariyar ta ɗauke. Ma'adanai sha biyu a jere, kowace tana ƙyalli kamar sabon cokali. An goge su tas. A jikin kowace an manna farar takarda da lamba ɓaro-ɓaro, daga ɗaya zuwa sha biyu, da rubutun Kawu. Sitikar kamfani kuwa, mai ruwan azurfa mai ƙananan rubutu, babu ko ɗaya.

"Kawu, ina sitikokin?"

"Na ɓare su mana. Kin san duk abin da ya shigo shagon nan sai na yi masa wanka na sa masa lambata. Rabin yini na yi a kansu, ko tabon gam ban bari ba."

Auta ta dafe kai. Abin da Kawu bai sani ba, kuma laifinta ne da ba ta zaunar da shi ta faɗa masa ba, shi ne filash ba allo ba ce da za a sa tsumma a goge. Tana da rowa: ka rubuta sabo a kan tsoho, sai ta kai sabon wani lungu ta ɓoye tsohon. Saboda haka masu ƙera ta suka yi yarjejeniya. Duk abin da aka zuba mata tana hargitsa shi da wani mabuɗi da ke cikinta. In ana son wanke ta, umarni ake ba ta ta jefar da mabuɗin ta ƙera sabo, shi ke nan abin da ke ciki ya zama shirme har abada. Waɗannan sha biyun kuma a kulle suke, ma'aikacin da ya san kalmar sirrinsu ya daɗe da barin asibiti. Ma'adanar da ke kulle ba ta jin umarnin kowa sai wanda ya karanto mata lambar da ke jikin sitikarta, haruffa da lambobi talatin da biyu. Auta na kiranta lambar wanki.

Ta faɗa masa duk wannan cikin numfashi biyu. Kawu ya ajiye kofi a hankali.

"Yanzu kina nufin mabuɗin gidan a jikin ƙofa suke manna shi?"

"Ba ya buɗe gidan, Kawu, rushe shi yake yi. Don Allah ka ce min ba ka zubar ba."

Nan fa Kawu ya ji an taɓa mutuncinsa. Mutumin da har yau yana ajiye da kusoshin rediyon da aka daina ƙerawa tun kafin a haife ta, shi za a tambaya ko ya zubar da abu?

"Zubarwa? Sitika mai gam irin wannan? Ko ruwa ba ya cin ta! Ai faci na yi da su."

Ya tura ƙyauren shago, ya nuna mata bayansa. Ga biyar nan a jere, ya manna su a matsayin ajiya. Auta ta yi tsalle har kanta ya kusa taɓa fanka. Ta rungume ƙyauren kamar ɗan'uwan da ya dawo daga tafiya.

"Saura bakwai! Ina suke?"

Kafin ya amsa, mota ta tsaya a ƙofar shago. Jami'ar asibiti ta fito, doguwa, da tabarau, hannu ɗaya riƙe da fayil da hatimi, ɗayan da akwatin injin huda. Irin mutanen nan ne da kana ganinsu ka san ba su taɓa makara ba a rayuwarsu. Kawu ya kalle ta sau ɗaya ya raɗa mata Mai Hatimi, kuma sunan ya zauna. Ta saurari bayanin Auta ba ta ko ƙifta ido ba, sannan ta duba agogo.

"Yanzu ƙarfe sha ɗaya. Ƙarfe biyu zan tashi. Ban ce dole sitika ta kasance a jikin ma'adana ba, amma sai na ga sitikar da idona. Ba na karɓar hoton waya, ba na karɓar an ce."

"Ranki ya daɗe, za ki gani," in ji Auta. Ta juya. "Kawu, tashi!"

Uku suna wurin mai aski, shago na huɗu daga nasu. Madubinsa ne ya tsage daga kusurwa, Kawu ya ɗaure tsagar da sitika uku a jere. Auta ta faɗa shagon ba ko sallama, ta tarar yana tsakiyar aske wani mai ƙaton ciki, an gama gefe ɗaya saura ɗaya.

"Aron madubi, minti goma!"

"Ke 'yar gidan Kawu, lafiyarki ƙalau? Ki ɓare abinki ki tafi mana."

"In na ɓare ta yage, na shiga uku. Kama min nan!"

Mai aski mutum ne da ba a barinsa a baya in ana wani abu a titi. Ya ajiye inji ya kama gefe ɗaya, suka sauko da madubin daga ƙusa, suka fito da shi suna tafiyar kaguwa. Mai ƙaton ciki ya biyo su da zane a wuya, rabin kai fari rabi baƙi, yana cewa shi ba zai zauna a inda ba ya ganin abin da ake yi wa kansa ba.

Wasu ukun suna kan laimar mai lemo, wadda ke zama a bakin mahaɗa. Kawu ya toshe mata hujojin da rana ke bi tana ƙona mata kaya. Ita ce ta fi wuya. Ta ce laimar nan ko mijinta ba ya taɓa ta. Kawu ya lallaɓa, ya rantse, ya tuna mata ranar da ya gyara mata fitila. Daga ƙarshe ta ce ta yarda, amma ƙafarta ƙafar laimarta. Ta ɗora tiren lemo a ka, ta biyo su.

Zo ka ga shagon Kawu a ranar. Ɗaki ne da mutum uku ke cika shi, sai ga madubi jingine da tebur, ga laima a buɗe ta tokare fanka, ga mai aski, ga mai rabin kai, ga mai lemo ta samu kujerar Kawu ta zauna tana fere lemo kamar gidanta. Mai Hatimi ta takure a kusurwa da fayil a ƙirji, tana kallonsu ta saman tabarau.

Auta ta jona ma'adana ta farko. Ko a kulle take, ma'adana tana faɗin lambar shaidarta in an tambaye ta, kuma wannan lambar tana jikin sitika. Da haka za a gane wace sitika ce ta wace.

"Wadda ta ƙare da bakwai, huɗu, huɗu, tara!" ta ɗaga murya.

Kowa ya duƙa neman ta. Mai aski ne ya yi ihu: "Ga ta a madubina!"

Mai Hatimi ta matso ta duba, ta gyaɗa kai. Auta ta durƙusa gaban madubin, tana karantowa tana bugawa, harafi bayan harafi, har talatin da biyu. Ta danna. Shago ya yi tsit, ba ka jin komai sai wuƙar mai lemo. Daƙiƙa biyar, shida, sai koren layi ya fito. Auta ta sake buɗe ma'adanar ta nuna wa jami'ar: babu kulle, babu komai a ciki, wayam. Hatimi ya sauka a takarda, dum.

Shagon ya kaure da sowa. Mai rabin kai, wanda bai san me aka wanke ba, shi ya fi kowa tafi.

Daga nan abin ya zama wasa. Auta ta kira lamba, a yi rige-rigen nemowa. "Tana bayan ƙofa!" "Tana kan laima, juyo ta!" Mai lemo ta fara alfahari da cewa nata sun fi saurin wankuwa. Masu wucewa suka fara tsayawa a bakin ƙofa suna tambayar ko ƙwallo ake kallo. Yaya ta kira daga makaranta sau uku, Auta ta maƙale wayar a kafaɗa tana cewa, "Shida, Yaya! Bakwai! Ki ce wa yaran su share teburan!" Ta cikin wayar ana jin ɗalibai suna buga benci. Daɗi ya cika Auta, har sau biyu tana kuskuren harafi tana sakewa.

Ƙarfe ɗaya da kwata hatimi ya sauka karo na sha ɗaya. Saura ma'adana ɗaya a kwali, mai lamba tara da rubutun Kawu. Sitika kuwa ta ƙare.

"Kawu, biyar da uku da uku sha ɗaya ne. Ina ɗayar?"

Kawu ya sosa ƙeya. Ya duba bayan ƙofa, ya duba gindin fulas, ya buɗe durowa ya rufe. Ya ce ko a gida ya manna ta a bokiti. Ya ce a'a, bokitin da roba ya ɗaure shi. Aka kwashe minti ashirin ana birkita shago. Mai Hatimi ta sake duba agogo.

"Bari in je gidan dai in duba," in ji Kawu. Ya fita ya turo tsohon babur ɗinsa daga inuwa, ya ɗaga ƙafa zai hau.

"Kawu, kar ka zauna!"

Ihun da Auta ta yi sai da tsuntsaye suka tashi daga wayar lantarki. Ga sitikar nan a tsakiyar sirdi, a kan wata tsohuwar yagewa, tana ƙyalli. Aka shigo da babur cikin shago, mai lemo ta ɗaga ƙafafu aka wuce da shi. Auta ta duƙa a kan sirdin da murna, sai murnar ta koma ciki. Kwana biyu Kawu yana hawa yana sauka a kan sitikar nan. Lambar shaida tana nan, ta kuma dace. Amma a tsakiyar lambar wanki, haruffa huɗu sun goge, sai farin wuri.

"A yi ta gwadawa mana har a dace," in ji mai aski.

"Haruffa huɗu? Ko shekara muka yi a nan ba za mu gama ba."

Mai Hatimi ta buɗe akwatinta, ta fito da injin huda, ta nemi soket. Ba da mugunta ta yi ba, ƙarfe biyu saura kwata ne kawai. Wayar Auta ta sake ƙara, sunan Yaya a kai. Ta kasa ɗauka. Sha ɗaya da babu duk ɗaya ne a wurin masu jarrabawa, kuma yara can suna share tebur. Fushi ya taso mata, ta juya kan kawunta.

"Wa ya ce ka taɓa min kaya? Wa ya sa ka? Shekara arba'in kana gyaran rediyo, to wannan ba rediyo ba ne! Komai sai ka ɓare ka sa wannan ƙaton rubutun naka kamar na 'yan aji ɗaya!"

Wuƙar mai lemo ta tsaya. Mai aski ya sunkuyar da kai. Tun kafin ta rufe baki Auta ta ji kunya ta lulluɓe ta, domin mutumin nan shi ya riƙe su ita da Yaya tun suna ƙanana, kuma bai taɓa ɗaga mata murya a gaban mutane ba.

Kawu ya matsa kusa da babur. Ya shafa sitikar da babban yatsa, a hankali, sau biyu. Sannan ya dubi jami'ar.

"Ranki ya daɗe, ki ba ni minti biyar." Ya juya ga mai aski. "Jeka firijinka ka kawo min kwalbar da ta fi sanyi. Auta, ke kuma kashe fankar nan."

Aka kawo kwalba tana raɓa. Ya naɗe ta a leda, ya danna a kan sitikar, yana ƙirgawa a ransa. Ya ɗauke, ya goge wurin da gefen rigarsa.

"Tawada tana tafiya, amma tana barin sawunta," ya ce. "Haka muke karanta lambar tsohuwar rediyo. In wurin ya yi sanyi ka hura masa hucin baki, sawun zai fito, amma ba ya daɗewa."

Ya zaro gilashin masu gyaran agogo daga aljihu. Auta ta matsa gefe don ta ba shi wuri, muryarta ƙasa-ƙasa. "To ka duba, Kawu. Ni zan rubuta."

Ya miƙa mata gilashin.

"Ke za ki duba. Ni hurawa zan yi."

"Ai kai ka san yadda yake fitowa."

"Auta," ya ce, bai kalle ta ba, "shekara biyu rabona da ganin ƙaramin rubutu, ko da gilashin. Kina tsammani don ado nake ɓare nasu ina sa nawa?"

Maganar ta dake ta a ƙirji. Kullum suna tare a ɗakin nan, tebur ɗaya, fulas ɗaya, kuma ba ta taɓa lura ba. Ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

"Ba yanzu ba. Duƙa."

Ta durƙusa ta kafa gilashin a ido. Kawu ya dafa sirdi, ya sunkuyo, ya buɗe baki ya hura wa sitikar huci a hankali. Hazo ya kwanta a kan azurfar, kuma a cikin hazon, kamar wanda aka rubuta da allura, harafi ya bayyana.

"Ka! Na ga harafin ka! Sake, Kawu, sake!"

Ya sake. "Bakwai!" Mai aski ya rubuta a tafin hannunsa. Aka sake danna kwalba. Kawu ya ja numfashi, ya hura. "Ra!" Na huɗun ne ya ƙi. Sau uku yana hurawa, hazon na watsewa kafin ta kama shi, ga hawaye ya fara ɓata mata gani. Sai ji ta yi an dafa kafaɗarta. Mai Hatimi ce, ta ajiye fayil a kan tiren lemo, ta tattare siket ta durƙusa a ƙasan shagon Kawu mai ƙura.

"Ba ni gilashin. Baba, huro!"

Kawu ya huro har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Biyu ce! Wallahi biyu ce!" Jami'ar ta yi ihu kamar yarinya, tabarau a goshi. "Buga, buga!"

Auta ta koma kan kwamfuta. Ta buga talatin da biyun tana faɗa da ƙarfi, mai aski na miƙo mata tafin hannu a wurin da ya goge. Ta danna. Babu wanda ya yi numfashi. Agogon bango ya nuna biyu saura minti uku.

Layin ya fito kore.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Mai lemo ta watsa lemo sama, mai rabin kai ya rungume mai aski, mutanen bakin ƙofa suka ɗauki sowa har ƙarshen titi. Hatimi ya sauka karo na sha biyu da ƙarfin da sai da kofin shayi ya yi tsalle. Auta ta kira Yaya, ta ce "Sha biyu!" kawai, ta ɗaga wayar sama don kowa ya ji ihun da ke fitowa daga ajin.

Da ta sauke hannu sai ta ga Kawu ba ya cikin masu tsalle. Yana tsaye gaban kwamfutar, ya kai fuskarsa dab da gilashinta, ya ƙanƙance ido, yana haki. Ta ratsa mutane ta je ta tsaya kusa da shi. Haƙurin da take son bayarwa ya yi mata yawa a baki, ta rasa ta inda za ta fara.

"Koren dai na gan shi," ya ce a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji. "Me aka rubuta a ƙasansa? Karanta min."

Auta ta goge ido da bayan hannu, ta riƙe hannun rigarsa kamar yadda take yi tana ƙarama in za su tsallaka titi. Ta sa yatsa a ƙarƙashin layin, ta fara karanta masa, kalma bayan kalma.